Daga Alabe Zuwa Akwati: Adana Ƙwarin Kwaikwayo a Fatsar Ingila

A ƙoramun Ingila akwai nau'in fatsa wanda ba a sa wa ƙugiya tana ko wani koto mai rai. Ana naɗa mata gashin tsuntsu da na dabba da zaren siliki ne, har ta yi kama da ƙwaron da kifin tirawut ke ci. Al'adar ta daɗe, domin littafin Treatyse of Fysshynge wyth an Angle na 1496 ya kawo irin waɗannan ƙwari guda 12, ya kuma rarraba su bisa watannin da suka dace da su. Wannan maƙala ta nuna cewa siffar ƙwaron ita ke yanke hukunci kan ma'ajinsa.

Ƙwarin farko masu nutsewa ne, gashinsu a kwance, don haka alaben fata mai shafuka ya wadatar da su. Lamarin ya sauya bayan Frederic Halford, wanda ya yi fatsa a kogin Test, ya wallafa littafinsa kan ƙwari masu yawo a saman ruwa a 1886. Irin wannan ƙwaro yana tsayawa ne a kan gashin wuyan zakara da aka naɗa masa. Idan alabe ya danne gashin, sai ƙwaron ya karkace ko ya nutse, kifi kuma ya ƙi shi. Wannan ne ya sa akwatin alminiyam mai ƙananan ɗakuna, kowanne da murfinsa, irin na kamfanin Richard Wheatley, ya sami karɓuwa. A yau akwatunan roba masu tsagaggen soso sun yawaita, musamman don ƙwari masu nutsewa.

Wajen tsarawa, ana fara raba masu yawo da masu nutsewa, sannan a jera kowane rukuni bisa lambar ƙugiya. Lambar tana ƙaruwa ne yayin da ƙugiya ke ƙanƙancewa, wato 18 ba ta kai 12 girma ba. Amfanin tsarin yana bayyana sa'ad da ƙwarin gaske suka taso a kogi, domin lokacin gajere ne, mai lalube kuwa yakan tashi a tutar babu.

Abokan gāba biyu ne. Danshi na jawo tsatsa, ƙugiya mai tsatsa kuma takan karye a bakin kifi, shi ya sa ake shanya ƙwaro kafin a mayar da shi akwati. Asu kuwa gashi yake ci, maganinsa ma'aji mai rufuwa ruf da yawan dubawa.