Yadda Ake Haɗa Wayoyi a Buga Gem Tare Ba Tare da Data Ba

A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori da Faskari da Ɗandume da Sabuwa. Aka shafe watanni ba kira, ba tes, ba intanet. Amma duk wanda ya zauna a yankin a lokacin zai iya shaida abu guda: Xender bai daina aiki ba. Masu turin fina-finai da karatuttuka a shagunan cajin waya sun ci gaba da sana'arsu, fim na tashi daga wannan waya ya faɗa waccan kamar babu abin da ya faru.

Dabarar da ta ba Xender damar yin haka ita ce dai ke ba abokai damar haɗa wayoyinsu su buga gem tare ba su ƙona ko megabait ɗaya ba. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan sani ya zama abin da ke rage wa mutum kashe kuɗi. Bari mu ga yadda abin yake aiki, da yadda ake saita shi, da abin da ke hana shi yi.

Wi-Fi daban, intanet daban

Da yawa daga cikinmu na ɗaukar Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne, saboda tare muka saba ganinsu. A cikin wayarka akwai ƙananan na'urorin rediyo fiye da ɗaya. Akwai wadda ke magana da ƙarfen sabis na MTN ko Airtel ko Glo, ita ce ke buƙatar layi da kuɗi. Akwai kuma ta Wi-Fi da ta Bluetooth, waɗanda ke magana da na'urorin da ke kusa da kai kawai, tazarar 'yan mitoci. Su waɗannan biyun ba ruwansu da ƙarfen sabis. Ko an cire layin waya gaba ɗaya za su yi aiki.

Idan wayoyi biyu ko fiye suka haɗu ta Wi-Fi guda, sun kafa ƙaramin zauren sadarwa nasu na kansu, wanda masana ke kira LAN. Intanet kuwa hanya ce da ke fita daga wannan zaure zuwa sauran duniya. Mutanen da ke zaune a zaure ɗaya za su iya hirarsu ko da titin da ya fita gari a rufe yake.

Wannan salon wasa ma ya riga wasan intanet shiga hannun jama'a. A 1989 ana haɗa Game Boy biyu da igiya a buga Tetris. A 1993 wasan Doom ya haɗa mutum huɗu a kwamfutocin ofis guda. Macijin nan na Nokia da ya zo a wayar 6110 a 1997, mutum biyu na iya buga shi idan suka saita wayoyinsu suna fuskantar juna, ta hasken infirared.

Me ke faruwa idan ka kunna hotsfot?

Da zarar ka kunna hotsfot, wayarka ta zama uwar ɗaki. Duk wayar da ta shigo, sai ta ba ta lamba ta musamman, wato adireshin IP. Tun 1994 aka keɓe wasu jerin lambobi don irin wannan amfani na cikin gida, kamar masu farawa da 192.168 ko da 10. Shi ya sa tsofaffin wayoyin Android ke ba kansu 192.168.43.1, su raba wa baƙi lambobin da ke biye. Sababbi kan sauya lambar lokaci zuwa lokaci. iPhone kuwa 172.20.10.1 take ɗauka.

To, ta yaya gem ɗin da ke wayar abokinka zai san ka buɗe fili? Ka tuna ɗan kamasho a tashar Funtua yana ɗaga murya: "Zariya! Zariya! Saura mutum biyu!" Bai san sunan fasinja ko ɗaya ba, shela kawai yake yi, mai zuwa Zariya ya ji ya matso. Haka wayar da ta buɗe wasa take yi. Kowane ɗan lokaci tana watsa wani guntun saƙo ga duk wanda ke cikin zauren: ga ni nan, ga sunan filina, ga adireshina, saura gurbi kaza. A wasu gem ɗin kuma baƙin ne ke shelar neman fili, mai fili ya amsa. Abin lura shi ne wannan shela ba ta tsallake zauren. Wanda ke wani Wi-Fi ɗin daban, ko wanda ke kan datarsa, ba zai ji ta ba, kamar yadda mutumin da ke kasuwar Ɗandume ba zai ji kiran kamashon Funtua ba. Rabin matsalolin haɗa gem daga nan suke tasowa.

Bayan an haɗu, ba hotunan wasan ake turawa ba. Kowace waya ita ke zana nata hoton. Abin da ke yawo tsakaninsu 'yan lambobi ne: wane na tsaye a wuri kaza, ya danna maɓalli kaza, ƙwallo ta nufi gefe kaza. A yawancin gem, wayar da ta buɗe fili ita ce alƙalin wasa, ita ke yanke hukuncin wa ya riga wa. A wasu kuma kowace waya sai ta jira ta ji abin da sauran suka danna kafin wasa ya matsa gaba. A irin wannan tsari, waya ɗaya mai rauni kan ja wa kowa nawa.

Dalilin da ya sa ba ya hukin

Saƙon intanet na tafiya ne a matsayin haske cikin zaren gilas, da gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Gudu ne mai yawa, amma nisa ma ba ƙarami ba ne. Igiyar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a 2010 daga Legas zuwa ƙasar Fotugal tsawonta kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa 14,000 ke nan, wato milisakan 70, kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa. Ba a lissafa tafiyar Funtua zuwa Legas ba, ba a lissafa jiran layi a ƙarfen sabis ba, ba a lissafa sauran tafiyar cikin Turai ba.

Gem mai nuna hoto 60 a daƙiƙa yana sauya hoto duk bayan milisakan 17 ko ƙasa da haka kaɗan. Ke nan idan uwar garken wasan tana Turai, kafin bugun da ka yi ya je ya dawo an wuce hotuna huɗu a kan igiyar teku kaɗai. Kai da abokinka kuna kan benci ɗaya, amma saƙonku sai ya je ƙasar waje ya juyo. A haɗin cikin gida kuwa tafiyar ba ta wuce mita biyar ko goma ba, jinkirin kuma yawanci 'yan milisakan ne da ba su kai a lura da su ba. Ko ranar 14 ga Maris, 2024, da igiyoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa intanet ta rikice a Afirka ta Yamma, irin wannan haɗi bai san ana yi ba.

Yadda ake saitawa

1. Ku tabbatar gem ɗin yana da tsarin wasan cikin gida. A jerin zaɓinsa za ku ga an rubuta Local ko LAN ko Wi-Fi. BombSquad na ɗaukar mutum 8. Mini Militia, nau'in da ake kira Classic, na ɗaukar har 12. Minecraft ma yana yi. Among Us da ya fito a Yunin 2018, da wasan cikin gida kaɗai ya fara kafin a ƙara masa na intanet.

2. Kowa ya kasance da fitowa iri ɗaya ta gem ɗin. Ku duba lambar, ko ɗigo ɗaya ya bambanta za su iya ƙin fahimtar juna.

3. Ku zaɓi wayar da ta fi ƙarfi da caji ta kunna hotsfot. Mai ita ya kashe datarsa tukuna. In ba haka ba, wayoyin baƙi za su ɗauka sun samu intanet ta kyauta, su shiga sabunta manhajoji da sauke bidiyon WhatsApp, kafin a tashi wasa data ta ƙare.

4. Sauran su kashe tasu datar, su kunna Wi-Fi, su shiga hotsfot ɗin da kalmar sirri. Waya za ta yi gargaɗin cewa wannan Wi-Fi ba shi da intanet. A zaɓi a ci gaba da zama a kai.

5. Mai hotsfot ya buɗe gem ya danna Host ko Create. Sauran su danna Join, su jira sunan filin ya bayyana.

Yawancin wayoyin Android ba sa ɗaukar fiye da baƙi 10 a hotsfot, ita kuma iPhone ba ta kunna nata sai data na kunne. Maganin duka biyun shi ne tsohuwar rawuta ko MiFi da aka jefar a durowa. Ko babu layi a cikinta za ta raba adireshi ta haɗa wayoyi, kuma ta sauke wa wayar mai fili nauyi.

Idan wayoyin sun ƙi ganin juna

Fara duba VPN. Idan yana kunne, yakan kwashe saƙonnin waya ya nufi waje da su, shelar mai fili ta wuce ba a ji ba. Sai izini: tun daga iOS 14 na 2020, iPhone na tambaya kafin ta bar manhaja ta nemi na'urorin da ke kusa, haka ma Android 13 na 2022 ya zo da nasa izinin. Wanda ya danna "a'a" a ranar farko sai ya koma saituna ya buɗe.

Idan Wi-Fi na makaranta ne ko na otal, akwai yiwuwar an saita shi yadda kowace waya za ta iya fita intanet amma ba za ta ga 'yar uwarta ba. An yi haka ne don tsaro, kuma ba abin da za ka iya yi daga wayarka. Ku koma hotsfot. Tsarin tattalin batiri ma kan rage wa Wi-Fi ƙarfi, a kashe shi lokacin wasa. In duk an yi wannan fili bai fito ba, gem da yawa na ba da damar rubuta adireshin mai fili da hannu. Baƙo zai same shi a bayanan Wi-Fi ɗin da ya shiga, a layin da aka rubuta Gateway ko Router.

Akwai kuma batun zango. Wi-Fi na aiki a kan 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, don Bluetooth ma a nan yake. Na biyun ya fi sauri da sarari, sai dai ba ya nisa, kuma ƙananan wayoyi da dama ba sa ganinsa sam. Idan wani ya ce bai ga sunan hotsfot ba, a mayar da shi 2.4. Ruwa na shanye wannan sigina, jikin mutum kuwa galibinsa ruwa ne, ƙarfe kuma na mayar da ita baya. Don haka a ɗora wayar mai fili a tsakiya, a sarari, kada ƙofar ƙarfe ko bangon kwano ya shiga tsakani.

Masu buga ƙwallo a PPSSPP

Manhajar PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2012, tana kwaikwayon na'urar PSP da Sony ya ƙera a 2004, kuma da ita matasa da yawa ke buga PES a waya. Ita ba ta wadatuwa da shela, sai an nuna mata hanya. A sashen Networking kowa ya kunna WLAN. Mai hotsfot kaɗai zai kunna uwar garken cikin gida, wadda aka rubuta wa built-in ad hoc server, tana kuma sauraro a ƙofa mai lamba 27312. Daga nan kowa, har da shi, ya rubuta adireshin wayar mai hotsfot a gurbin adireshin uwar garke. Lambar Port offset ta zama iri ɗaya a duk wayoyin, lambar MAC kuwa ta kowa ta bambanta. Wanda ya kwafo saitunan abokinsa ta Xender ya kwafo har da MAC ɗinsa, sai wasan ya ga mutum ɗaya a wuri biyu ya rikice.

Zafi da tsaro

Wayar da ke riƙe da hotsfot, tana zana gem, tana alƙalanci, aiki uku take yi a lokaci guda. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, ga shi a watannin Maris da Afrilu zafin yankinmu kan haura haka. Idan waya ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kare kanta, wasa ya fara ciccijewa ga kowa. A cire mata riga, a zauna a inuwa, a guji caji ana wasa, a riƙa karɓa-karɓar riƙe hotsfot.

Kada a bar hotsfot a buɗe. A sa kalmar sirri mai aƙalla harafi 8 a tsarin WPA2 ko WPA3, a sauya ta bayan an tashi. Haɗarin da ya fi wannan shi ne gem ɗin da aka yi wa kwaskwarima, masu alƙawarin harsashi ko kuɗi mara ƙarewa. Ba ka san wanda ya buɗe fayil ɗin ba, ba ka san abin da ya cusa ba. Gem ɗin da ya nemi izinin karanta tes ɗinka, a wayar da lambobin sirrin banki ko na OPay ke shigowa, a goge shi nan take.

Waɗanda ba za su yi ba

Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile da eFootball ba za su haɗu ta wannan hanya ba, ko da duk kuna kan hotsfot ɗaya. Alƙalin wasansu na zaune ne a uwar garken kamfani. Hakan na taimaka musu wajen kama masu maguɗi da haɗa mutane daga ƙasashe daban-daban, kuma ta nan suke sayar da kaya a cikin wasa. Shi ya sa sababbin gem masu tsarin cikin gida ke ƙara ƙaranci.

Amfanin wannan sani bai tsaya ga wasa ba. A cibiyoyin da ake rubuta jarabawar JAMB, kwamfutocin ɗalibai na karɓar tambayoyi ne daga uwar garke guda da ke cikin ginin. Manhajar Kiwix na iya ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a na'ura ɗaya, sauran su karanta ta Wi-Fi ba data. Malamin makaranta a Maska ko Ƙafur zai iya raba wa ɗalibai littattafai da bidiyon darasi da tsohuwar rawuta da fawabank. Yaron da ya iya gano dalilin da ya sa wayar abokinsa ta ƙi ganin fili, ya duba adireshi, ya kashe VPN, ya sauya zango, ya riga ya fara koyon aikin da ake ɗaukar injiniyoyin sadarwa su yi.