Kyamarar kama gudu

Kyamarar kama gudu na'ura ce da ake kafawa a gefen titi domin auna saurin abin hawa da ɗaukar hoton lambar wanda ya wuce ƙa'ida. Yawancinsu da rada suke aiki: na'urar tana harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi mota ta dawo, sai a lissafa sauri daga canjin da aka samu. Wani direban tseren motoci ɗan ƙasar Holan, Maurice Gatsonides, shi ne ya kafa kamfanin Gatso a 1958, wanda ya yi suna da ƙera su.

A Najeriya

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, da 100 a kan babbar hanya mai tagwaye. Jihar Legas ce ta fi amfani da kyamarorin karanta lamba. A Kano kuwa, hukumar KAROTA ta fi dogara da jami'anta da ke tsaye a kan titi. A hanyoyin karkara kamar na Karaye da Rogo, abin da direba ya saba gamuwa da shi shi ne shingen jami'ai da tudun rage gudu, wanda sau da yawa mutanen gari ne ke yin sa bayan mota ta kaɗe wani. Tun 2017 kuma FRSC ke tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu.

Kauce wa kamu

Wasu direbobi kan rufe lambar mota, ko su bar laka ta lulluɓe ta, ko su cire ta gaba ɗaya. Wasu kan tsinke na'urar ƙayyade gudu da zarar sun bar tasha, domin yawan sawu shi ne yawan kuɗi. Tsohuwar al'ada ita ce ƙyafta fitila ga mai tahowa, alamar jami'ai na gaba.

Ɓoye lamba laifi ne mai zaman kansa, kuma cutarsa ta fi tarar girma: idan motar ta buge mutum ta gudu, ba a da abin bin sawu. Taka birki a gaban kyamara ma ba ya aiki a inda ake auna matsakaicin gudu tsakanin kyamarori biyu, kamar yadda ake yi a wasu hanyoyin Birtaniya.