Bayan yaye, wa ke taya iyaye renon yaro?

Matan ƙauyukan Gwiwa sun san zaman tabarma da ake yi don masu ciki da masu goyo. Wata da aka horar takan riƙe katunan hotuna, a yi ta bayanin shayar da nono zalla har wata shida, da yadda ake inganta kunu da gyaɗa ko waken suya. Shirin inganta abinci mai gina jiki na WINNN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2011, shi ne ya yaɗa wannan zama, Gwiwa kuwa tana cikin ƙananan hukumomin Jigawa da aka zaɓa. Bukatar a fili take, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Sai dai darasin yakan tsaya ne a kan ciki da abinci, daga goyon ciki zuwa shekara biyu. Da an yaye yaro, uwa ta samu ƙaninsa, shi ke nan ya koma hannun yayye da tsakar gida har ranar da za a kai shi makarantar allo ko firamare. A waɗannan shekaru ne harshe ke buɗewa, ƙiriniya da ƙiwa da tambayoyi su yi yawa, kuma a nan ne uwar da aiki ya sha kanta take komawa ga tsawa da bulala. Ba mugunta ba ce, ita ma haka ta ga an yi mata.

A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 aka fara wani gwaji da yara 129 da suka tsumbure. Ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa wasu gidajen duk mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka sake bibiyarsu, aka tarar waɗannan yaran suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin ɗari. Bin gida-gida yana da tsada, shi ya sa wasu wurare suka koma tara iyaye wuri guda. A Hong Kong, asibitocin mata da yara sun rungumi shirin Triple P na Jami'ar Queensland ta Ostireliya tun farkon shekarun 2000. Iyaye sukan zauna rukuni-rukuni na 'yan makonni, su koyi yaba wa yaro idan ya yi daidai, da ba shi umarni ɗaya a sarari, da janye shi gefe ya huce maimakon duka. Su gwada a gida, su dawo su faɗi yadda aka kwashe.

Kwaso darasin Hong Kong kai tsaye zuwa Roni ko Babura ba zai yi ba, kuma a nan nake ganin masu tsara shiri suna yawan tuntuɓe. A gidan Bahaushe uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, balle ta zauna tana yaba masa a gaban surukai. Wadda ke da lasisin wasa da yaro ita ce kaka, mai kiransa mijinta ko kishiyarta, mai tatsuniya da kacici-kacici bayan sallar isha. Duk zaman da aka ware kaka daga cikinsa ya bar mafi kusancin malamar yaron a waje. Haka ma maigida: shi ke ba da izinin fita, shi ake kai wa ƙara idan yaro ya gagara.

Wuraren zaman ma ba sai an gina ba. Islamiyyun matan aure suna nan a Kazaure da garuruwan da ke kewaye da ita, maza suna da majalisa da ƙofar masallaci, mai unguwa kuma ya san gidan da ke da ɗan shekara uku. Abin da ya rage shi ne hukumar lafiya matakin farko ta jihar Jigawa ta ƙara wa matan da aka riga aka horar darussan hira da wasa da horo ba da duka ba, ta riƙa biyansu alawus a kan kari, a kuma bar uwa ta ci gaba da zuwa zaman har ɗanta ya shiga aji ɗaya.