Burwell: Sansanin yaƙin Ingila da aka bari ba a gama ba tun shekarar 1144

A bayan cocin St Mary da ke ƙauyen Burwell, kimanin kilomita 16 daga birnin Cambridge na Ingila, akwai wani fili mai tudu da kwari wanda ciyawa ta lulluɓe. Mazauna ƙauyen na zuwa wurin shan iska.

Wannan fili shi ne abin da ya rage na wani ƙaramin sansanin yaƙi na ƙasa da Sarki Stephen ya sa a fara ginawa, aka kuma watsar da aikin a shekarar 1144.

Rikicin taubasai

Bayan rasuwar Sarki Henry na Ɗaya a 1135, ɗan 'yar'uwarsa Stephen ya haye gadon sarauta, alhali marigayin ya sa hakimai sun yi wa 'yarsa Matilda mubaya'a. Taubasan biyu suka jefa ƙasar cikin yaƙin basasa da bai ƙare ba sai a 1153.

Cikin waɗanda suka ci moriyar rikicin har da Geoffrey de Mandeville, hakimin Essex, wanda ya karɓi filaye da muƙamai daga ɓangarorin biyu. A 1143 Stephen ya kama shi, ya tilasta masa miƙa sansanoninsa, har da Hasumiyar Landan.

Ana sakinsa ya yi tawaye. Ya shige fadamun gabashin Ingila, ya mamaye Ely, ya kori masu ibada daga gidan ibada na Ramsey ya mayar da shi mazaunin dakarunsa, ya kuma wawushe Cambridge.

Da yake dawakin sarki ba za su iya kutsawa cikin fadamar ba, sai Stephen ya yanke shawarar kewaye ta da ƙananan sansanoni. Burwell na ɗaya daga cikinsu.

Kibiya ɗaya

Ana cikin aikin, Geoffrey ya kawo hari Burwell a watan Agustan 1144. Marubutan zamanin sun ce ya cire kwalkwalinsa saboda zafi, sai kibiya ta same shi a ka. Ya mutu a Mildenhall cikin watan Satumba.

Saboda coci ta riga ta kore shi daga cikinta, aka hana binne shi a maƙabartar Kirista. Gawarsa ta yi kusan shekara 20 a ajiye a Landan kafin a yafe masa.

Mutuwarsa ta kashe tawayen, sansanin kuma ya rasa amfani. Ma'aikata suka ajiye kayan aiki suka watse.

Abin da ƙasa ta adana

Wannan watsarwa ita ce ta ba wurin daraja a wajen masana tarihi. A sansanin da aka kammala, ana kwashe ƙasar da aka haƙo a share wuri. A Burwell kuwa aikin na nan yadda aka bar shi.

A tsakiya akwai dandamali mai kusurwa huɗu, tsawonsa kimanin mita 60, kewaye da gwalalo mai faɗi. Ba a gama haƙa gwalalon ba. Ƙasar da aka fitar tana nan tsibi-tsibi a bakinsa, tana jiran masu kwashewa da ba su dawo ba.

Kusa da tsibin ƙasar ana iya ganin shatin gidaje da shingayen filayensu, wasu ma ƙasar ta danne su. Ma'ana, a kan wani sashe na ƙauyen aka dasa sansanin. Talakawa sun rasa muhallinsu saboda ginin da ba a taɓa gamawa ba, kuma babu littafin da ya ambaci sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu.

Haƙan da masani T.C. Lethbridge ya yi a 1935 ya gano harsashin katangar dutse da na ƙofa, da alamun cewa tun zamanin Rumawa akwai gini a wurin.

A yau dokar Birtaniya ta sa filin cikin wuraren tarihi da aka haramta haƙawa ko gini a kansu ba tare da izini ba. Babu bango ko ɗaya a tsaye. Wanda ya je, gwalalo zai gani, da tsibin ƙasa, da shatin gidajen mutanen da aka tasa.