Gidan tarihin hoto na San-Luwi: abin da yake ajiye, da abin da ke lalacewa cikin akwatunanmu

A birnin San-Luwi na ƙasar Senegal, wanda mutanen wurin ke kira Ndar, akwai gidan tarihi da babu takobi ko sirdi ko tambarin sarauta a cikinsa. Hotuna kawai yake ajiyewa. An buɗe shi a watan Nuwamba na 2017, ana kiransa MuPho a taƙaice, kuma ba gwamnati ce ta kafa shi ba. Amadou Diaw ne, ɗan garin, wanda ya kafa makarantar koyon kasuwanci ta ISM a Dakar. Ya gyara wani tsohon gida a tsibirin birnin, ya zuba hotunan da ya daɗe yana tarawa, aka damƙa tsara nunin farko a hannun Salimata Diop.

Me ya sa San-Luwi? Birnin ya riƙe hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1895 zuwa 1902, ga ƴan kasuwa, ga ma'aikata masu albashi, don haka sana'ar hoto ta samu kasuwa da wuri. Tun wajen 1860 Augustus Washington, baƙar fatar Amurka da ya koma Laberiya da zama, ya zo garin yana ɗaukar mutane. Daga baya ƴan ƙasa suka karɓi sana'ar. Meïssa Gaye ya buɗe shagonsa Tropical Photo a can. Mama Casset, haifaffen garin a 1908, ya koyi aikin tun yana yaro, ya buɗe African Photo a unguwar Medina ta Dakar a 1943.

Tsofaffin hotunan gidan, galibi na shekarun 1930 zuwa 1950, su ne suka fi jan hankali. Mata ne zaune cikin manyan riguna, da kitso, da ɗaurin kallabi, da zinariya a wuya da kunne, an aza hannu a kan gwiwa don zobe ya fito. Bambancinsu da katunan da Turawan mulkin mallaka suka riƙa bugawa suna aika wa gida a fili yake. A katin Bature, mutum samfurin ƙabila ne, ba shi da ta cewa. A shagon ɗan gari kuwa, matar ce ta biya kuɗinta, ta zaɓi tufafinta, ta zauna yadda take so jikokinta su gan ta. Kusa da waɗannan an rataye aikin masu hoton zamani irin su Omar Victor Diop da Fabrice Monteiro, kaka da jika a ɗaki ɗaya.

Sai dai akwai abin takaici. Da yawa daga cikin tsofaffin hotunan ba su da suna: ba a san wanda ya ɗauka ba, ba a san wadda aka ɗauka ba. Wasu kuma ba su ma kai ga gidan tarihi ba. Mama Casset ya makance a farkon shekarun 1980, gobara ta cinye shagonsa da mafi yawan kilishensa (kilishen hoto nake nufi, wato fim ɗin da ake wankewa, ba na nama ba). Abin da ya rage na aikinsa, yawanci a hannun iyalan da suka sayi hoton aka same shi.

Mu ma a Nijar muna da irin wannan labari. Philippe Koudjina ya ɗauki Yamai ta shekarun 1960 da 1970, gidajen rawa da samari da ƴan mata, lokacin da ƙasa ke sabuwar ƴancin kai. Da injinan wanke hoto mai kala suka shigo, kasuwarsa ta mutu, ya ƙare cikin talauci ya rasu a 2014, alhali takwaransa na Bamako, Malick Sidibé, ya karɓi babbar kyautar baje kolin Venise a 2007. Gidan tarihinmu na Boubou Hama, da aka buɗe a 1959, an fi saninsa da ƙasusuwan dabbobin da, da tufafin gargajiya, da namun daji.

To, mu dawo Ƙonni. Labarin ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa garin a 1899 a bakin tsofaffi muka gaje shi. Amma ƙarnin da ya biyo baya an ɗauke shi a hoto: ma'aikatan farko na kamfanin siminti na Malbaza, hawan salla a fadar Sarkin Adar a Illela, manoman albasa na Galmi, ƴan lakwal a layi bayan malaminsu, alhazai ranar dawowa, har ƴan ƙananan hotunan katin ɗan ƙasa. A ganina waɗannan ba su gaza na San-Luwi daraja ba. Suna cikin akwati, ƙarƙashin zannuwa, ko a jikin bango rana na cinsu.

Abokan gabarsu sanannu ne: danshin damana, gara, da hasken rana. Mai kala ya fi saurin mutuwa, shi ya sa hoton bikin 1990 ya koma ja-ja, na kakanni baƙi da fari kuwa yana nan garau. Salula ma ba ma'ajiya ba ce. Ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shekara biyar na hotuna sun tafi.

Matakin farko na masu aikin gidajen tarihi ba ya cin ko dala. A zauna da tsohuwar gida tun tana da rai, a juya bayan hoto, a rubuta da fensir, ba da biro ba don tawada na ratsa takarda: wane ne wannan, a wane gari, wace shekara, wane mai hoto ya ɗauka.