Kasafin Ƙaramar Hukuma da Haƙƙin Maigadin Makaranta a Ƙasar Janbako

Tun ranar 11 ga Yuli 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta hannun gwamnoni ba, mutanen Janbako, a ƙasar Maradun, da 'yan'uwansu na Bakura da Talata Mafara suke zuba ido su ga ko wannan 'yanci zai iso bakin ƙofar makarantar 'ya'yansu. Amma zartar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, maigadin makarantar ƙauye kuwa, in ma akwai shi, yana nan yadda aka san shi: dattijo ne mai tocila da gora, da tabarmarsa a gindin bango, wanda ladansa na wata ba ya kai iyalinsa tsakiyar wata. Wannan sakaci ne daga hukuma, ba ƙaddara ba ce kurum.

Babu wanda zai ce ba a yi mana gargaɗi ba, domin a cikin shekarar 2021 kaɗai musiba ta zagaya ƙananan hukumomin nan uku, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan sakandaren Jangebe, a ƙasar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta aka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata 4. Ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙasar Maradun, mahaifar gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle. Maganin da aka samo shi ne rufe makarantu.

Musabbabin al'amarin, a ganina, yana cikin yadda ake tsara kasafi tun daga tushe. A bisa ƙa'ida ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa a Abuja, amma da yake sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakaninsu da jiha, kuma albashin malaman firamare da na ma'aikatan sakatariya yana lashe mafi yawan kuɗin tun kafin su iso, sai ciyaman ya zama mai sa hannu a kan lissafin da wani ya rubuta masa, kansilan da ya san wace makaranta ce take bakin daji kuwa ba ya da ta cewa. Abin da aka ware wa tsaro kuma yakan shiga ƙarƙashin kason tsaro, wanda ba a bin bahasinsa, alhali kuwa dukiyar baitulmali amana ce, duk wanda aka damƙa wa ita wajibi ne ya bayyana inda ta shiga. Ga kuma son aikin kwangila: katanga da mota ana buɗe su da biki, ana ɗaukar hoto, albashin maigadi kuwa nauyi ne na kowane wata wanda babu mai yabon kowa a kansa. A zamanin En'e, duk da zaluncin da aka sani a cikinta, ɗan doka yana da layinsa a littafin baitulmali.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, wanda aka ƙiyasta zai ci naira biliyan 144.8, Gwamna Dauda Lawal kuma ya kafa Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Duka biyu alheri ne, sai dai daga sama suke saukowa, kuma askari ɗan sintiri ne, ba a ɗauke shi don ya kwana a makaranta ɗaya ba.

Wasu suna cewa tsaro haƙƙin tarayya ne, kuma maigadi ba zai tare 'yan bindiga masu babura ba, suna kafa hujja da Bakura. Akwai gaskiya a ciki. Amma aikin maigadi nagari shi ne ya ga baƙuwar fuska a kasuwa, ya ji ƙarar babura tun daga nesa, ya buga waya, ya sallami yara kafin a iso. Wannan kuwa sai da horo, da waya mai caji, da albashin da zai hana shi tafiya noman rani a Bakolori lokacin aiki.

Illar rashin haka ta fi sauka a kan 'ya'ya mata, domin uban da bai aminta da ƙofar makaranta ba zai zaɓi ya aurar da 'yarsa da wuri, mai hali kuma ya kai nasa Gusau ko Sakkwato, a bar ɗan talaka babu boko, wani lokaci har Islamiyya ta gagare shi, ga shi neman ilimi farilla ne a kan namiji da mace. Saboda haka ina kira ga kansilolin Maradun da Bakura da Talata Mafara, kada su amince da kasafin baɗi sai an rubuta sunan kowace makaranta, da adadin masu gadinta, da albashinsu, a kuma liƙa takardar a ƙofar sakatariya inda iyaye za su karanta.