Kyamara a Motar Tsere: Laifin Girgiza da Laifin da Ake Ɗora Mata

A filayen tsere irin su Silverstone a Ingila da Nürburgring a Jamus, akwai ranakun da ake buɗe ƙofa ga kowa: ka biya kuɗi, ka shiga da motarka, ka taka totur son ranka. Kusan duk wanda ya je yana so ya dawo da bidiyo, ko don nuna wa abokai, ko don ya ga inda ya taka birki da wuri. Da yawa sukan dawo da hoto mai karkarwa kamar mai zazzaɓin masassara. Daga nan ne zantuka suka yawaita, kowa da nasa maganin.

Zancen da aka fi ji shi ne wai kyamarar bidiyo ta hannu, irin wadda ake ɗaukar biki da ita, sam ba ta iya aiki a motar da ke gudu. Wannan ba gaskiya ba ne. Tun 1966 John Frankenheimer ya ɗaura manyan kyamarorin fim a jikin motoci ya yi fim ɗin Grand Prix, a 1979 kuma gidan talabijin na Seven a Ostireliya ya watsa hoto kai tsaye daga cikin mota a tseren Bathurst. Sai dai zancen yana da tushe. Kyamarorin da ke ajiye hoto a faifan DVD, da masu faifai mai juyawa irin na kwamfuta, ba sa jure jijjiga. Wasunsu ma an sa musu abin da ke jin faɗuwa, da zarar mota ta hau kan dakalin kwana sai kyamara ta ɗauka an yar da ita, ta tsayar da ɗauka don ta kare faifan. Mai kaset ɗin MiniDV ta fi su haƙuri, mai katin memori kuwa ba ta da abin da ke juyawa balle ya tsallake.

Na biyu: wai ka kunna maɓallin daidaita hoto, shi ke nan. Nan ne mutane suka fi yin asara. Na'urar nan an yi ta ne saboda rawar hannun ɗan Adam, wadda ba ta wuce 'yan motsi kaɗan a daƙiƙa. A cikin kyamarar akwai wani ɗan gilashi da ke lilo, hannu ya karkata hagu, shi ya karkata dama. To, a dubi inji mai silinda huɗu yana juyi 6,000 a minti: juyi 100 ke nan a daƙiƙa, fashewar mai sau 200. Gilashin da aka koya wa bin hannun mai ɗaukar amarya ina zai iya da wannan? Sai ya yi ta kai-kawo a makare, ya ƙara wa hoton wata rawa da babu ita. A doguwar kwana kuma yakan ja hoton gefe, sannan ya sake shi farat ɗaya. Idan kyamara a ɗaure take da jikin mota, gwada kashe maɓallin kafin ka zargi kowa. Ƙananan kyamarorin wasanni na zamani daban ne. GoPro, misali, tun 2018 ta fito da HyperSmooth, wanda ke gyara hoton da lissafi, ba da gilashi mai lilo ba.

Shin girgiza tana lalata kyamarar kanta? Tana iya yi. A Satumban 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa jijjigar injin babban babur na iya raunana daidaita hoto da saita gani na wayar. Amma magana ce ta jijjiga mai ƙarfi da aka daɗe ana sha, ba wai zagaye biyar na ranar Asabar zai kashe kyamara ba, kamar yadda wasu ke kururutawa.

Akwai kuma zancen da ake yi wa dariya alhali shi ne ya fi gaskiya: tsohuwar kyamara takan fi sabuwa fitar da hoto a mota. Yawancin tsofaffin suna da ido irin na CCD, wanda ke kama hoton gaba ɗaya a lokaci guda. Yawancin sababbin CMOS ne, suna karanta hoton layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kamar almajiri da allonsa. Ƙiftawar ido ta fi lokacin tsawo, amma kafin a kai layin ƙasa kyamarar ta riga ta motsa. Sai ka ga turakun gefen hanya sun karkace, kwalta tana lanƙwasa kamar fuskarka a ruwan randa da aka taɓa. Tsohuwar za ta ba ka hoto mai rawa amma a miƙe, kuma irin wannan manhajar gyara tana iya lallaba shi daga baya. Hoton da ya lanƙwashe ya fi wuyar ceto nesa ba kusa ba.

Sai batun soso. An ce a naɗe kyamara da soso mai kauri, ko a ɗora ta a kan matashi. Ni dai ban ga abin da wannan ke haifarwa ba sai lilo: soso mai taushi ya shanye ƙaramar jijjiga, ya bar kyamara tana gyaɗa kai a kowane birki. Abin da ke aiki shi ne mariƙi gajere mai ƙarfi, a ɗaure da ƙarfen kariya na cikin mota, da siririyar roba mai tauri a tsakani in an so. Tsawon mariƙi shi ne abokin gaba. Sanda mai tsawon kamu guda da nauyi a kanta, ai bulala ce. A kuma bar jawo hoto kusa, don zum yana ninka girgiza kamar yadda yake ninka komai. A buɗe shi iya faɗinsa, a kulle saitin gani a can nesa, in ba haka ba kyamara za ta koma kallon ƙwaron da ya mutu a gilashin gaba.

Masu cewa a ba wa na kujerar gefe kyamarar ya riƙe da hannu, jikinsa zai shanye girgizar, sun faɗi rabin gaskiya. Jiki yana shanye ta. Amma kyamara mai rabin kilo, idan mota ta daki shinge da ƙarfin da ya ninka nauyi sau 20, ta zama abu mai kilo 10 da ke yawo kusa da kan direba. Shi ya sa masu shirya ranakun tsere da yawa ba sa yarda da riƙo a hannu, wasu ma ba sa amincewa da mariƙi mai manne wa gilashi shi kaɗai. Kafin ka fita, tambayi dokar filin, sannan ka ɗaure kyamarar da igiya ta biyu a wani ƙarfe dabam, gajeriya yadda ko ta kuɓuce ba za ta kai fuskarka ko ƙarƙashin birki ba.